Kafin a ɗauki makara: aikin shugaban masu binciken gawa a Kano

A Kano mutum zai cika da hantsi, kafin La'asar an kai shi makwancinsa. Duk wanda aka damƙa wa shugabancin masu binciken gawa, wannan ne abin da zai fara sawa a ransa. Tsarin da ke cikin littattafan ƙasashen sanyi, inda gawa ke kwana uku a firji babu mai ɗaga murya, ba ya aiki a nan sai da kwaskwarima. Abu biyu ne ke matsa wa mai wannan aiki lamba: zafin gari da ke lalata gawa, da 'yan'uwan mamaci waɗanda tuni sun aika a haƙa kabari. Abin da ba a gani ba, ba a rubuta ba, ba a ɗiba ba a cikin waɗannan 'yan sa'o'i, ya tafi ke nan.

Jihar Legas ta yi sabuwar doka a 2007 wadda ta kafa ofishin babban likitan binciken gawa. Mu a nan tsarin da aka gada daga Turawan Ingila ake bi: 'yan sanda su kai rahoton mutuwa gaban alƙalin majistare mai binciken mace-mace, shi kuma ya ba da umarni a rubuce, likita ya duba gawa ya mayar da rahoto. Aikin kansa a manyan asibitoci ake yin sa, irin su Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da Asibitin Murtala Muhammad. Ayarin bai wuce likitan binciken gawa ba, da likitoci masu neman ƙwarewa, da ma'aikatan mutuware, da ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje, da magatakarda mai riƙe rajista. Ga kuma ɗan sanda mai bincike, wanda ba a ƙarƙashinka yake ba, amma rabin aikinka a hannunsa yake.

A ganina, wuƙar likita ba ita ce ta fi kashe shari'a ba. Wurin karɓar gawa ne. Gawa takan iso a bayan motar 'yan sanda, ko motar jami'an kiyaye haɗura, ko ta 'yan kwana-kwana idan daga rijiya ko kududdufi aka tsamo ta, wani lokaci ma a Adaidaita Sahu. Ma'aikacin da ya karɓa, wanda galibi shi ne mafi ƙarancin albashi a ayarin, shi ne zai ba ta lamba. Lambar nan guda ɗaya ce, shekara sannan lambar jeri, kuma ita za ta bi komai: tambarin da aka ɗaura a idon sawu da wuyan hannu, jakar tufafi, kowace kwalba, kowane hoto, da shafin rajista. Kada a rataya tambari a jikin mayafi ko murfin firji kawai, domin mayafi ana canza shi, gawa kuma ana matsar da ita. Ranar da aka yi babban haɗari a titin Zariya aka kawo mutum takwas lokaci guda, nan ne ake musayar gawa, kuma idan har an binne, gyaran ya zama na kotu da tonon kabari.

A rajista a rubuta wanda ya kawo, da lambarsa idan ma'aikaci ne, da ƙarfe nawa, da inda aka ɗauko gawar, da kayan da ke jikinta ɗaya bayan ɗaya: waya, zobe, kuɗi nawa, laya ko guru. Mutum biyu su sa hannu. Sannan a rubuta sunan wanda ya nuna wa likita gawar ya ce wane ne wannan, da dangantakarsa da mamacin. Wannan layi ɗaya yana da nauyi, domin lauyan wanda ake tuhuma zai iya miƙewa ya ce babu shaidar cewa gawar da likita ya duba ita ce ta mutumin da ake magana a kansa.

Ka hana ma'aikatanka cire komai kafin likita ya gani. Robar ƙarin ruwa, bututun numfashi, bandeji, duk su zauna a inda suke. Yankan da likitan gaggawa ya yi a haƙarƙari don saka bututu, idan an zare bututun, kamarsa ɗaya da sukar wuƙa. Idan akwai zargin kokawa, a sa hannuwan a jakar takarda a ɗaure, ba leda ba, domin leda tana tara gumi ta ruɓar da abin da ke ƙarƙashin farce. Tufafi masu jini a shanya su a inuwa su bushe, kowanne daban, sannan a naɗe a takarda. Kada almakashi ya bi ta hujin da wuƙa ko harsashi ya yi.

Matsalar da ta fi wannan ita ce gawar da ta fara biyawa ta gida. Kafin a tuna da 'yan sanda an riga an miƙar da ita, an ɗaure haɓa, an canza kaya, wani lokaci har an yi wanka. Ba mugunta ba ce, haƙƙin mamaci ne mutane ke saukewa. Abin yi shi ne a aika a karɓo kayan da ya mutu da su tun ba a wanke ba, a kuma tambayi wanda ya fara ganinsa yadda ya tarar da shi: a kife ko a rigingine, ƙofa a kulle ko a buɗe, akwai kasko da garwashi a ɗakin, ina aka ajiye janareta.

Sai batun sanyi, wanda shi ne ke hana shugaba barci. Firjin gawa ana son sa tsakanin digiri 2 zuwa 4 a ma'aunin salshiyas. Idan ya sauka ƙasa da sifiri gawa ta daskare, ƙanƙara ta farfasa ƙwayoyin tsoka, abin da za a gani a madubin likita ya ɓaci, sannan sai an jira ta saki kafin a iya aiki. Sama da haka ruɓewa ta ci gaba a hankali. A manna takarda a ƙofar firji, a rubuta ma'auni safe da rana da dare, da lokacin da aka ɗauke wuta da lokacin da janareta ya tashi. Shugaba ya riƙa duba takardar da idonsa. Idan ka ga digiri 4 an jera shi sati guda da biro ɗaya da hannu ɗaya, a zaune aka cike ta.

Saboda rashin tabbas na wuta, mutuware da yawa a ƙasar nan sun saba yi wa gawa allurar fomalin, maganin hana ruɓewa, da zarar ta iso. Ga gawar da za a yi tafiya da ita, babu laifi. Ga gawar da ake bincike a kanta, asara ce babba. Fomalin yana gurɓata jini, yana canza magunguna da guba, yana ƙagar da tsoka ya sauya mata launi, sannan yankan da aka yi don zura shi ya ƙara wani rauni a jiki. Don haka doka ta farko da za ka kafa ita ce: gawar 'yan sanda ba a taɓa ta da fomalin sai likita ya sa hannu. Idan wuta ta ƙi, dole ta sa, to a fara ɗaukar hoto a ɗebi samfuri.

Ɗibar ba ta cin minti goma sha biyar. Jini daga jijiyar matsematsi, kamar mililita 10, a kwalba mai murfi ruwan toka, wadda sinadarin cikinta ke hana ƙwayoyin cuta ci gaba da aiki. Ba a son jinin zuciya ko wanda aka kwalfo daga ƙirji, domin bayan mutuwa magani yana tsatsowa daga hanta da huhu da tumbi ya taru a wurin, sai awo ya nuna ninkin abin da mutum ya sha. Ruwan ƙwayar ido, wajen mililita 2 daga kowane ido, da siririyar allura ta gefe, sannan a mayar da ruwa madadinsa don idon ya koma yadda yake. Wannan ruwa yana jinkirin lalacewa, kuma shi ke raba gardama idan jini ya nuna barasa, tunda gawar da ta fara ruɓewa tana haifar da barasa da kanta. Ka duba girman ƙazafin da za a yi wa mutumin da bai taɓa kai ta bakinsa ba idan aka yi sakaci a nan. Sai fitsari, da abin da ke cikin tumbi, da yankin hanta kamar giram 100 idan an buɗe ciki. Waɗannan a firji ko firiza za su zauna, babu ɗigon fomalin. Tsokar da za a duba a madubi ita ce ke shiga fomalin mai ƙarfin kashi 10 cikin 100, a yanka ta siririya kada ta kai kaurin yatsa, ruwan kuma ya ninka ta sau goma. Takardar da za a jefa cikin kwalbar da fensir ake rubuta ta, tawadar biro narkewa take yi.

Kowane samfuri yana da takardar miƙa hannu: wa ya ɗiba, wa ya rufe, wa ya karɓa, yaushe. Gwajin guba mai zurfi sau da yawa sai an fita da shi wajen jihar, kuma a wannan tafiya ne kwalba ke kwana a aljihun tebur a ofishin da babu fanka. Ka riƙe rabi a firizarka, ka ba da rabi.

Tambayar da ɗan sanda ya fi so ita ce ƙarfe nawa ya mutu, kuma ita ce ƙananan likitoci suka fi zurmawa a kanta. Lissafin hucewar jiki an gina shi ne a kan cewa gari ya fi jikin mutum sanyi. A watan Afrilu, lokacin da Kano ke haura digiri 40, gawar da ke ɗaki mai rufin kwano ba ta hucewa, ɗumi ma take ƙarawa. Sandarewar gaɓoɓi, wadda littafi ya ce tana farawa bayan awa biyu zuwa shida ta cika wajen awa goma sha biyu, a bazara tana zuwa da wuri ta saki da wuri. Koren da ke fitowa a ƙasan ciki ta dama, wanda a ƙasar sanyi sai an kwana ɗaya ko biyu, a nan yana iya bayyana kafin kwana ya zagayo. Da hunturu kuma lissafin ya sake juyawa, iska mai bushewa ta ƙeƙasar da leɓe da yatsu. Kwanciyar jini a sashen da ke ƙasa tana da wuyar gani a baƙar fata, sai an duba tafin hannu da tafin ƙafa da farce a haske mai kyau. Saboda haka kada ka bari rahoto ya fita da awa guda tsayayya. A ba da tazara, a kuma jingina ta da abin da mutane suka sani. Mutanenmu da salla suke auna lokaci: an gan shi a sahun Isha'i, ba a gan shi a Asuba ba. Wannan, da kiran ƙarshe da ya amsa a waya, da abincin da aka tarar a tumbinsa, sun fi ma'aunin zafi amfani.

Baƙar fata tana ɓoye ƙurjewa da taruwar jini. Mutumin da aka yi wa dukan kawo wuƙa zai iya zuwa jikinsa sumul, sai an tsaga fatar baya da ɗuwawu da cinyoyi a ga jinin da ya kwanta a tsoka. Wanda ya mutu a tsare, wannan dubawa wajibi ce, haka tafin ƙafa da wuyan hannu. A ɗaya ɓangaren kuma akwai abin da ke kama da rauni alhali ba shi ba ne. Cizon tururuwa bayan mutuwa yana kama da ƙurjewa, ɓera yana cin leɓe da yatsu, gawar gobara tana dunƙule hannu kamar mai dambe saboda tsoka ta ƙanƙance, ba don an yi faɗa ba. A gobara abin nema shi ne baƙin hayaƙi a maƙogwaro da hanyoyin huhu, wanda ke nuna mutum yana numfashi lokacin da wuta ke ci. Iyalin da aka wayi gari an tarar a ɗaki babu rai, da janareta a soro ko garwashi a kasko, jininsu da tsokarsu ja ne jawur saboda gubar hayaƙin da suka shaƙa. A cika kwalbar jinin har baki a toshe. Fiya-fiya kuma warinsa da kumfar baki da hanci suna ba da alama, amma alama ba hujja ba ce sai an gwada.

Raunin sara da suka, irin wanda rikicin daba da ƙwacen waya ke kawowa, a auna tsawonsa da faɗinsa da ruler a jikin hoto, a faɗi nisansa daga tsakiyar jiki da kuma daga diddige. Kada a zura ƙarfe a laluba zurfi, yana buɗe sabuwar hanya. Harsashi da yatsa ko abin kamu mai roba ake ciro shi, domin ƙarfe yana goge zanen da bindiga ta bari.

Yanzu ga mutanen da ke tsaye a ƙofa. Ba jahilci ne ya sa suke ƙin a buɗe gawa ba. An umarce su da gaggauta jana'iza, kuma sun san hadisin da ya ce karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana raye. Wanda ya tunkare su da gadarar doka ya riga ya faɗi. Abin da ya kamata shugaba ya sani, ya kuma iya faɗa cikin ladabi, shi ne malamai sun yi magana a kan wannan. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, ƙungiyar Musulmi ta duniya, da ta zauna a Makka a 1987 ta halatta buɗe gawa don binciken laifi da gano cuta, da sharaɗin a tsaya iya buƙata, mace ta duba mace matuƙar akwai, a kuma binne duk abin da aka cire. Waɗannan sharuɗɗa su ne ya kamata su zama tsarin aikinka tun kafin wani ya nema.

Mutum ɗaya ne zai yi magana da iyali, kuma babba, ba ɗan koyo ba. A nemi dattijon gidan a shigar da shi ofis a ba shi kujera, a fara da ta'aziyya. "Baba, Allah ya jiƙansa, ya ba ku haƙuri. Ba za mu riƙe muku shi ba. Ku ba mu zuwa ƙarfe biyu, in Allah ya yarda ku same shi a shirye." Idan ka faɗi ƙarfe biyu, to ya zama ƙarfe biyu. Alkawari ɗaya da aka saɓa yana zaga unguwa, gobe a ɓoye maka gawa goma. Hakan na nufin ayarinka yana aiki ranar Juma'a da Lahadi da ranar Salla, da jadawalin kira wanda ake amsawa. Mafi yawan jinkiri ma ba na likita ba ne, na takardar umarni ne da ke yawo tsakanin caji ofis da kotu. Shugaba mai dabara yana da lambar DPO na kowane yanki da ta magatakardan kotu, yana bin takardar tun gawa tana hanya.

Ba kowace gawa ce sai an buɗe ta duka ba. Wani lokaci duban waje da hoton ƙashi da samfurin jini sun wadatar, wani lokaci sashe ɗaya za a buɗe. Amma wannan hukuncin likita ne bisa abin da ke gabansa, a kuma rubuta a rahoto cewa iyakar abin da aka yi ke nan. Inda ake zargin kisa, gajarta aiki don a faranta wa iyali cutar da su ne, domin wata shida nan gaba su ne za su zo suna neman haƙƙin jininsu. Tonon kabari kuma ba ya mayar da abin da ya wuce: mu ba ma binnewa a akwati, likkafani ne da ƙasa da tukwane ko itace, don haka tsoka ba ta daɗewa, musamman da damina.

Yadda aka mayar da gawa shi ne abin da masu wanka za su gani, kuma su ne za su ba da labari. A mayar da kayan ciki, a cusa auduga, a yi ɗinki matsattse wanda ba ya yoyo, a goge jiki tsaf, a rufe al'aura tun daga farko har ƙarshe. Likkafanin da jini ya ɓata a gaban jama'a ya isa ya rushe amanar shekaru.

Abin da ke faruwa idan aka binne mutane ba a duba ba, Kano ta gan shi a watan Afrilun 2020. Masu haƙar kabari ne suka fara cewa mace-mace sun yi yawa. Da aka zo bincike babu gawa, sai tambayar iyalai aka yi yadda ciwon ya kasance. A watan Yuni ministan lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya ce an ƙirga mutum 979 a ƙananan hukumomi takwas na cikin birni, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin 100 mai yiwuwa korona ce sanadi. Iyakar abin da tambaya za ta iya bayarwa ke nan, kintace mai faɗi.

Rahoto kada ya fita sai mutum biyu sun gan shi. Abin da za ka fi mayarwa shi ne wanda aka rubuta "zuciya ta tsaya" a matsayin sanadin mutuwa. Kowa zuciyarsa tsayawa take yi. Ana son jerin: zubar jini a ƙirji, sakamakon hujewar huhu, sakamakon sukar abu mai kaifi. A raba abin da aka gani da abin da aka fahimta, kuma likita kada ya rubuta wanda ya yi, wannan na alƙali ne. Idan ba a gano sanadi ba a rubuta haka. Shari'ar kisa a ƙarƙashin sashe na 221 na dokar Penal Code hukuncinta kisa ne, kuma takan ɗauki shekaru kafin a kira likita, lokacin ya manta fuskar gawar, wataƙila ma ya bar aiki. Takarda da hoto ne kawai za su tsaya. A ajiye kwafi biyu a wuri biyu. Za a yi maka waya daga sama a ce a sassauta kalma ko a hanzarta sakin wata gawa. Amsar da ta fi sauƙi ita ce a aiko a rubuce, galibi daga nan maganar ke mutuwa.

Gawar da ba a san mai ita ba, kafin a miƙa ta a binne, a ɗauki hoton fuska da tsagar gado da tabo da haƙora, a ɗauki zanen yatsu, a ɗiga jini a kan ƙyallen bandeji mai tsabta a busar a ajiye, a rubuta maƙabarta da layin kabarin. Iyaye sukan zo daga ƙauye bayan watanni da hoto a hannu.

Su kansu ma'aikatan suna buƙatar mai tsare su. Kowa ya yi rigakafin ciwon hanta nau'in B, allura uku: yau, bayan wata ɗaya, bayan wata shida. Tarin fuka ya fi kama masu wannan aiki, musamman lokacin yanka huhu ko amfani da zarto mai lantarki, don haka takunkumi mai matse fuska ake sawa, ba na yadi ba. Wanda allura ko wuƙa ta soka ya wanke nan take ya faɗa, a fara masa maganin kariya daga ƙanjamau kafin awa 72, ya sha kwana 28. Idan ka saba yi wa mai kuskure tsawa, ɓoyewa zai yi. Gawar da ta zo da labarin zazzaɓi da zubar jini ta hanci ko baki, a ɗauke ta a matsayin Lassa har sai an tabbatar ba ita ba ce: ba a buɗewa, a kira jami'an sa ido kan annoba, a wanke wurin da ruwan kulorin mai ƙarfin kashi 0.5 cikin 100. Fomalin kansa yana jawo ciwon daji idan an daɗe ana shaƙa, ɗakin da ake haɗa shi dole iska ta riƙa ratsawa.

Abu biyu ne ban ga dalilin sassauci a kansu ba. Waya ba ta shiga ɗakin aiki, kyamarar ofis kaɗai, domin hoton gawa ɗaya da ya faɗa WhatsApp ba ya dawowa, kuma uwar mamacin tana iya cin karo da shi. Na biyu kuɗi: a rubuta abin da ake biya a allo a ƙofa, da Hausa, da boko da ajami, a ba da rasit, kuma mai karɓar kuɗi ya zama daban da mai riƙe makullin firji.